Javel a Tankin Marina

Briqueterie, Yaoundé
Ranar Talata

Yaya Haman,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya Garwa, ya Tasalla da yara? Ya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso ta bakin Kawu Yuguda tun ban cire takalmi ba: wai na je jami'a na koyo tara ƙazanta, ga shi zan rufe marinar Baba. Bari in ba ka labarin, ko da yake na lura daga nesa ka fi gani.

Jibi Alhamis ma'aikatan hukuma za su auna ruwan da marina ke zubarwa a kwata. In suka sami rini a ciki, su garƙame ƙofa. Wata huɗu ina kiwon lakar nan ta cikin tankin tace ruwan. Ƙwayoyin halitta ne masu cinye dattin rini, sannan ruwan ya bi ta matata mai siraran ƙofofi ya fito garau. Iska kawai suke nema. Na saita injin hura iskar yana yi yana hutawa, cin wutarsa ya ragu da rabi. Duk ɗauke wutar watannin nan bai kashe su ba.

Jiya Kawu ya leƙa tankin, ya ce baƙi ba za su ga wannan a gidan Musulmi ba. Ya sa aka juye javel, ruwan bilicin nan, jarka uku. Yau tankin na ƙamshi kamar asibiti, ba abu mai rai a ciki.

Na ce sabuwar laka sai ta yi mako shida, a je a nemi lokaci. Ya ce dattijo ba ya roƙo a kan kwata. Tasa dabarar ita ce in cika kwalbar gwaji da ruwan famfo, in sa hannu.

"Ke ce mai Faransanci, ba wanda zai tuhume ki."

Kai kuma ka ce in yi biyayya. Kwatar nan ta bayan gidajen mutane take bi, Yaya, kuma sunan da zai hau takardar nawa ne. Kai ma ka iya rubutu, mota na tasowa daga Garwa kullum, zo ka sa hannun.

Na miƙa wa Kawu makullin ɗakin inji da hannu biyu. Ya ce in na fita kada in dawo. Ka san nauyin ƙofar marina. A hankali na ja ta, don kada a aiko maka cewa na buga.

A shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Hansai