Kwaɗon Kwamfuta Ya Ƙaryata Ni A Gaban Jikata

Malama, ki taimake ni da shawara kafin baƙin ciki ya ƙarasa ni. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi, ƙurar alli ta cinye mini ƙirji, yau ga ni a ɗakin baya na gidan ɗana, kusa da inda ake shanya. Ba na ƙorafi. Wanda bai mutu da wuri ba, haka ake ajiye shi.

Ina da jika 'yar shekara goma sha ɗaya, Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Angon ƙarfe. Ita kaɗai ke shigowa ɗakina ba aike ba. Makarantarsu ta ba su ƙaramar kwamfuta mai wani wasa: kwaɗo ne zai tsallake rafi, a kawo lissafi mai haɗe da tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, yaro ya taɓa wanda za a fara yi. In ya dace kwaɗo ya dira kan dutse, in ya kuskure ya faɗa ruwa, tsulum. Ana tara maki, biyar na sama su wakilci aji a gasar ranar Alhamis. Amarya ce ta biyu.

Ranar Asabar na karɓa don in nuna mata yadda masu ilimi ke yi. Aka kawo 10 − 4 + 3. Tun muna yara aka sa muka haddace jerin, tarawa kafin ɗebewa, haka kuma na koyar. Na tara huɗu da uku, na ɗebe daga goma, saura uku. Kwaɗo ya nutse. Ta ce tara ce amsar, wai daga hagu ake bi. Na ce ta rufe mini baki. Sau shida ina nutsar da dabbar nan, Amarya kuwa ta sauko ta goma sha tara. Da farko dariya take yi har da riƙe ciki, daga baya ta koma kuka.

Dariyar ce ta ƙona ni. Na gaya mata kanta irin na uwarta ne, ba abin da ke zama a ciki, kuma duk ilimin nata a babban yatsa yake. Uwar tana bakin ƙofa, ta ji, ban kuma damu ba. Na kulle kwamfutar a akwatina tare da takardun shaidata.

Da ubanta ya dawo bai ɗaga murya ba. Tuna mini kawai ya yi cewa yana aji shida, a ajina, ya rubuta tara a irin wannan tambaya, na yi masa bulala shida a gaban kowa. Na ce bulalar ce ta mai da shi mutum. Na ciro tsohon littafina zan nuna masa, na buɗe shafin, na rufe, don rubutun ya yi wa idona ƙanana.

Kwana uku ke nan Amarya tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa kamar mai ciwon da ake gudu. Yaya zan sa makarantar ta soke wannan shirme? Kuma yaya yarinyar za ta dawo ba tare da na zubar da girmana ba?

Tsohon Malami

Baba, amsar tara ce. Tarawa da ɗebewa matsayinsu ɗaya, wanda ya fara zuwa daga hagu shi ake yi, haka ma ninkawa da rabawa. Kai ma ka sani. Idon da ya rubuto mini wannan doguwar wasiƙa ba zai kasa karanta layi ɗaya a littafi ba.

Kana da gaskiya a wuri guda: taɓa gilashi da sauri ba ya maye gurbin rubuta lissafi mataki-mataki, kuma a nan Amarya na bukatarka. Kuskuren ma gadonsa ka yi, ba kai ka ƙirƙiro ba. Amma kwaɗon nan in yaro ya kuskure, sake ba shi dama yake yi. Kai bulala ka yi wa wanda ya rubuta daidai.

Ka bar makaranta ta huta. Yau ɗin nan ka buɗe akwati, ka miƙa wa yarinya kayanta, ka ce mata ita ce da gaskiya, a gaban uwarta da ka zaga ba laifin komai. Ka zauna gefenta da takarda da biro, ita ta riƙe kwamfutar, ko ta farfaɗo da makinta kafin Alhamis. In ba ta kai ba, kai ka jawo, kada ka ɗora wa kwaɗo.

Amma ka fara da ɗanka. Amarya kwana uku ta yi tana jira, shi kuwa tun yana aji shida. Allah ya sassauta maka zuciya, Baba, ya ba ka tsawon ran da za ka gyara.