Zan Je In Dawo da Ilham

Lahadi, 2 ga Yuni, 2024
Ilham ta kira. Ba za ta koma makarantar likitanci ba. Hutun da ta tafi Mindo, wani gari a duwatsun Ecuador, ya zama zama. Wai jagorar 'yan yawon buɗe ido take yi, tana nuna musu tsuntsaye a daji. 'Yata ɗaya tal. Abbanta ya shige ɗaki. Ni kam zan je in dawo da ita.

Laraba, 12 ga Yuni
Likita Martha ta duba gwiwata, ta ce hawan dutse ba nawa ba ne. Na ce mata to. Daga yau na bar shiga lifta, matakala zan riƙa bi.

Asabar, 6 ga Yuli
Gwiwar ta kumbura. Na ɗaure ta na fita. Hajiya Sailuba, maƙwabciyarmu a nan Silver Spring, ta tare ni a shagon kayan miya: "Ina likitarmu?" Na ce tana lafiya, na wuce.

Litinin, 22 ga Yuli
Mindo. Ruwa, laka, gajimare har bakin taga. Ilham ta rame. Maganar sai gobe.

Talata, 23 ga Yuli
Bayan asuba ta fita da ayarin baƙi, na bi su da sandata. Bishiyoyi na ɗigar ruwa ko ba a ruwan sama. Can ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit, har wani dattijo mai surutu. Ta yi fito, wani tsuntsu ya amsa mata daga sama, sannan ya sauko muka gan shi, ja wur. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

A tsakiyar wata gadar igiya ƙafata ta ƙi. Ƙasa ba ta ganuwa, gadar na lilo. Ta bar baƙinta ta dawo ta kama hannuna. Yarinyar da kullum da Turanci take amsa min, sai ga Hausa: "Umma, kar ki duba ƙasa, ni za ki duba." Haka muka haye.

Alhamis, 1 ga Agusta
Abbanta ya ɗauko ni a filin jirgi. Sai da muka hau titi ya ce, "Kin yi mata maganar?" Na ce ban samu dama ba.

Na samu. Kullum muna tare.

Takalmin dajinta ya fashe ta gefe, ruwa na shiga. Gobe in na tashi aiki zan nemo mata mai ƙwari in aika. Kafin ta dawo dai.