Kifayen da Auta Ya Bari

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana cin abinci a kan lokaci. Tunda ka ce inda kuke gyaran titin babu sabis ɗin waya, ga takarda nan ta hannun direbanku.

Jajayen kifayenka biyu da ka bar min amana ba su da lafiya. Na raɗa musu suna: mai ƙaton cikin Acici, ƙaramin kuma Shiru-shiru. Kwana uku ke nan suna hawowa saman ruwa suna ta buɗe baki kamar masu haki. Shiru-shiru har karkacewa yake yi gefe guda.

Kada ma ka ce ƙazanta ce. Shekara talatin da ɗaya na yi ina goge ɗakunan asibiti, ba wanda ya taɓa nuna min datti da yatsa. Kullum da safe sai na kwashe su a roba, na zubar da ruwan kaf, na wanke akwatin gilashin da sabulu, na cuɗa duwatsun, sannan na cika shi da sabon ruwan famfo. Baƙin soson nan na cikin injin tace ruwan ma na wanke shi ya yi fes. Kai da ka bar shi haka, ko kunya ba ka ji ba?

Ka faɗa min abin yi. Na ce za ka dawo ka same su da rai, kuma ban saba karya magana ba.

Allah ya yi maka albarka.
Mamanka

Zuwa ga Mama,

Wa alaikumus salam. Ina durƙushe ina gaishe ki, ya ƙafar taki?

Mama, ki gafarce ni da abin da zan faɗa: tsabtar ce take cutar da su. Ruwan famfo akwai maganin da ake zuba masa, shi ke hana su numfashi. Ki tara shi a bokiti ya kwana biyu kafin ki zuba musu. Kada ki zubar da na ciki duka, kashi ɗaya cikin huɗu ya isa, sau ɗaya a mako. Sabulu kuwa kada ya ƙara zuwa kusa da su. Baƙin da kika wanke a soson wasu ƙwayoyi ne masu amfani, su ke cinye dattin kifin. In ya toshe, ki ɗauraye shi a tsohon ruwan kawai.

Abinci kuma, abin da yatsu biyu suka tsinta, sau ɗaya a rana. In ya yi yawa ruɓewa yake a ƙasa. Gwangwanin da na bari na wata shida ne. Nawa ya rage a ciki?

Ki huta lafiya.
Ɗanki, Auta

Auta,

Na samu takardarka. Wai yau ni za a koya wa wanki! To, na ji, na kuma bi. Ga bokiti can a kicin yana kwana kamar baƙo. Gilashin ya fara yin kore-kore, in na zo wucewa sai na maida hannuna baya don kada ya ɗauko soso.

Ka tambayi gwangwani. Ya ƙare tun makon jiya, har na sayo wani. Kada ka yi min faɗa. Tun da ka tafi na ja teburin cin abinci kusa da su, don ba na iya haɗiye loma ni kaɗai. Ina ci suna kallona, ta yaya zan hana su? Safe, rana, yamma, har in na haɗa shayi sai na barbaɗa musu. Yayyenka suna bugo waya ranar hutu, minti biyar, rabinsa kukan yara. In na buɗe ƙofa na shigo, kifayen nan ne kaɗai suke tahowa wajena a gidan nan.

Shiru-shiru ya mutu ranar Talata. Na same shi yana yawo a sama, ciki a waje. Na binne shi a tukunyar furanni ta baranda. Ni da na sha goge ɗaki bayan an fita da gawa ido a bushe, sai ga ni zaune a ƙasa ina kuka saboda kifi. Ka yafe min, ni na kashe shi.

Acici ya daina haki. Saura mako biyar ka dawo, har na wanke labulen ɗakinka.

Mamanka

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Don Allah ki daina cewa ke kika kashe shi. Ni ne na tafi a gurguje ban yi miki bayani ba.

Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina. An ƙara mana aikin gada, wata takwas, kuma na sa hannu tun kafin takardarki ta farko ta iso. Na rasa yadda zan faɗa miki ne.

In Acici ya zame miki nauyi, ki kai wa mai shagon kifi, zai karɓa. In kuma za ki riƙe shi, kada ki damu da sayo masa abokin zama yanzu. Kifi ɗaya yana iya rayuwa shi kaɗai, muddin ruwansa na da kyau.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

Auta,

Ba zan kai shi ko'ina ba.

Ruwansa na da kyau, kuma gaskiyarka, yana rayuwa. Yana ci sau ɗaya, ya zagaya, ya koma bayan dutse ya tsaya. In wannan kake kira lafiya, to ni ma lafiyata ƙalau.

Ban taɓa roƙon ɗayanku komai ba, yau zan roƙa. Ina kewarka, gidan nan ya yi min girma. Ka nemi hutu, ko na kwana biyu ne, ka zo.

Mamanka