Tagar da Aka Huda wa Inna a Bangon Gabas

Zuwa ga Shugaban Shirin Gyaran Gidaje da Tsimin Kananzir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe, ni mai awon hatsi ne a Gagarawa Tasha, kuma hankalina ba a kwance yake ba.

Bayan girbi ma'aikatanka suka zo da bayanin a buɗe manyan tagogi, a shafa farar ƙasa, gida ya yi kyau, a daina kunna fitila da rana tunda kananzir ya yi wuya. Na ba da ɗakin mahaifiyata, Inna, wadda idonta ya yi rauni, don a yi misali da shi. Gaskiya ɗaki ya haska, masu wucewa har tsayawa suke yi. Amma ga kukana.

Na farko, a bangon gabas suka huda tagar. Ko akuyar garin nan ta san daga gabas hadari yake taso mana. Na faɗa musu, suka nuna mini takarda, wai haka zane ya ce.

Na biyu, sun kankare yaɓen makuba da yake kare bangon daga ruwa, don farar ƙasa ta kama. Tagar kuwa daidai ƙarƙashin azara take, babu itacen tokari. Yanzu bango ya tsage har rufi. Watan jiya tsinke nake zurawa, yau yatsana yana shiga.

Na uku, an hana ni taɓa ginin, wai gidan misali ne, sai manyan baƙi sun gani. Sau uku ina zuwa ofishinku, ana cewa kuna rangadi wajen Maigatari. Inna kuma ta ƙi barin ɗakin, domin yanzu take ganin zarenta in tana kaɗi.

Roƙona, ka turo magini kafin ruwan farko, ko ka sake mini hannu in toshe tagar, in mayar da makuba. Wallahi tsoro nake ji, an fara walƙiya ta gabas. Jiya Inna ta kira ni tana murna, wai aikinku ya yi albarka, haske kullum ƙaruwa yake yi. Na kasa gaya mata ta tsagar bango yake shigowa.

Allah ya ƙara maka girma, ya kwantar da taka mahaifiyar ƙarƙashin rufi mai ƙarfi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haruna Mai Awo, Gagarawa Tasha