Sheƙar Asisi a Magaryar Inna

Zuwa ga Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aiki, ya zaman Agadas? Mu nan Bazaga lafiya lau, gero ya fid da kai.

Yaya, na yi abin kunya. Ka san asisin nan na magaryar bayan ɗakin Inna, 'yan mitsitsin tsuntsaye masu shuɗin ƙirji, namijin da ɗigon ja a kumatu. Rina ta harbe ni a gindin itacen, na hasala, na cinna wa gidanta wuta. Na manta marigayi Baba yakan ce asisi kusa da rina yake sheƙa don ta tsare masa 'ya'ya. Sheƙar ta ƙone da 'ya'ya ukku a ciki, iyayen ba su ƙara dawowa ba.

Tun da idon Inna ya tafi, kukansu take saurare kowace safiya. Shekaranjiya ta ce, "Hamisu, ina baƙina? Shiru nake ji." Na ce sun koma daji.

Ka gai da iyali, ka sa ni cikin addu'a, Allah ya ba ni bakin gaya mata gaskiya. Har yau da safe sai da ta sa na ɗebo mata geron da za ta watsa musu.

Ƙanenka,
Hamisu