Manyan Tayoyin da Ka Aiko

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Abijan? Ya mai ɗakinka da yara? Mu nan Maradi lafiya lau, sai gajiya.

Manyan tayoyin da ka aiko wa a-kori-kurarka sun iso, an ɗaura. Gaskiya yashin Jiratawa ya daina riƙe ni. Amma tun ranar motar take shan mai kamar an huda tankinta. Sitiyari ya yi nauyi, kafaɗuna har ciwo suke. In na hau gudron, wato kwalta, gurnani take yi, birki kuma sai na taka tun da nisa.

Ranar kasuwar Tibiri na zuba kwalaben man da na saba, na ɗauko tumatirin mutane. Ban kai ba mai ya ƙare, tumatir ya sha rana har ya fara ruwa.

Na dawo gida in mayar da tsofaffin tayoyin, ashe Baba ya ba mai takalma ya yanka. Kowa ya samu takalmin taya, har ni.

Ka gaishe da mutanen gida, ku sa ni a addu'a. Jiya ma da takalman nan na taka na je neman mai.

Ƙanenka.