Ƙasa Ta Ji Taɓaryata

Daren Laraba, Tudun Wada

Sati biyu ke nan ban ba autata Hauwa amsa ba. Malamansu na jami'a za su kai su inda ƙasa ta taɓa girgiza, su auna tsagewar duwatsun da ke ƙarƙashi. Ni kuwa tsoro nake ji.

Yau ta ajiye wata na'ura kamar gwangwanin madara a tsakar gida, don gwaji. Ban sani ba, na jawo turmi na hau dakan yaji. Sai ta leƙo tana dariya. "Inna, kin ɓata mini awo. Zo ki ga girgizarki."

A kwamfutarta na ga layi yana tsalle, kowane bugun taɓarya da tsininsa. Ta ce duwatsun ƙasa sukan cije shekaru, rana ɗaya su suɓuce, na'urar kuma tana jin su tun daga nesa. Ikon Allah.

Ni da ban iya rubuta sunana ba sai bayan na yaye ta, yau ƙasa ta rubuta dakana, na kuma karanta.

Tsoron bai tafi ba, amma na ce ta je. Yajin ma na ƙulle mata a leda.